Bayan fure ya zube: mai zanen tsirrai tsakanin kyau da gaskiya

Akwai wani icce da ba ya cikin itatuwan ƙasarmu, ana ce da shi magnoliya. Wanda ya fi shahara cikin danginsa, wanda masana ke kira Magnolia grandiflora, asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, har ma jihar Misisipi ta ɗauke shi iccen alfaharinta. Furensa fari ne fat, mai ƙamshi, faɗinsa yakan kai santimita 30, kusan faɗin faifai. Sai dai duk wannan ƙasaita ba ta wuce kwana biyu ko uku. Daga nan farin ya dushe, ya koma ruwan ƙasa, ya zube. Abin da ke saura a kan reshe wani ƙwanso ne mai gashi-gashi, tsawonsa kamar tafin hannu, siffarsa kamar gajeriyar masara, jikinsa duk ƴan ƙananan ɗakuna. Idan zafin ƙasashen can ya ja baya, sanyi ya fara ƙaratowa, sai kowane ɗaki ya tsage, wani jan iri mai sheƙi, kamar ƙwayar wake, ya leƙo, ya sauko yana lilo a kan wani siririn zare har tsuntsu ya zo ya ɗauke shi. Bayan haka ƙwanson ya bushe, ya yi baƙi, ya faɗo.

To, mai zane da ya zauna gaban wannan icce da takarda da launuka, wanne ya wajaba ya zana? Furen da kowa ke sha'awa, ko busasshen ƙwanson da mai shara ke tattarawa? Kuma in ya ɗauki ganye ya tarar tsutsa ta huda shi, ko gefensa ya ƙone, zai zana hudar ne ko zai cike ta da launi? Mai karatu na iya cewa wannan magana ce ta ƴan sana'a, su ya dama. A ganina ta fi ƙarfin haka. Tambaya ce da ke gaban duk wanda aka ɗora wa nauyin ya nuna wa wasu abin da ba su gani da idonsu ba: marubucin tarihi, mai ba da shaida, malamin makaranta. Shin bayyana abu a kan kamalarsa gaskiya ce, ko kuwa gaskiya sai an haɗa da tabo da tsufa?

Ya kamata mu fara da sanin dalilin da ya haifi sana'ar. A Turai, tun kafin a ƙirƙiro na'urar ɗaukar hoto, likitoci da masana tsirrai suna bukatar hanyar da za su gane tsiro ba tare da sun je inda yake tohowa ba. Busasshen ganye da matafiyi ya matse cikin takarda yakan rasa launinsa da siffarsa. Zane kuwa yana riƙe su. Sunan iccen da muke magana a kansa ma daga wannan zamani ya fito: a shekarar 1703 Charles Plumier ya laƙaba wa wani icce na tsibirin Martinik sunan Pierre Magnol, masanin tsirrai na birnin Montpellier a Faransa, sannan Linné ya tabbatar da sunan a littafinsa na 1753. Shi Linné ya tsara tsirrai ne bisa ƙidayar sassan haihuwa da ke cikin fure. Ganin haka, fure ya zama sarkin shafi, ganye da ƙwanso da saiwa suka zama fadawa. A gidan adana tarihin halittu na birnin Paris akwai zane-zane kusan 7,000 a kan jemammiyar fata, waɗanda aka fara tarawa tun ƙarni na 17. Yawancin na tsirrai daga cikinsu suna nuna tsiro ne a ganiyar ƙuruciyarsa.

Masu wannan hanya suna da hujja, kuma ba hujjar wasa ba ce. Sukan ce: ba wannan ganye ɗaya muke zanawa ba, jinsin muke zanawa. Hudar tsutsa tsautsayi ce da ta sami ganye ɗaya; in muka zana ta, ɗalibi zai ɗauka haka jinsin yake. Saboda haka mai zane yakan dubi reshe biyar ko goma, ya ɗauki abin da suka yi tarayya a kansa, ya zubar da abin da kowanne ya keɓanta da shi. Masana tarihin kimiyya biyu, Lorraine Daston da Peter Galison, sun nuna a wani littafi da suka fitar a 2007 cewa a ƙarni na 18 wannan tacewa ita ake ɗauka riƙon amana ga halitta, ba a ganin ta a matsayin algus. Pierre-Joseph Redouté, wanda ya wallafa zanen wardi kusan 170 tsakanin 1817 da 1824, shi ne gwanin wannan hanya: da wuya ka ga ganye mai ciwo a shafinsa. Har ila yau wannan hanya amsa ce ga tsohon zargin Aflatun, wanda ya ɗauki mai zane a matsayin mai kwaikwayon abin da shi kansa kwaikwayo ne, wato wanda ya yi nisa da haƙiƙa hawa-hawa. Mai zanen jinsi zai iya ce masa: ni inuwar nake tsallakewa, ina neman ainihin.

Na yarda da rabin wannan magana. Wanda zai shiga daji neman ganyen magani, gara a nuna masa lafiyayyen ganye, don kuskure a nan na iya zama ajali. Amma tacewa tana da wata illa da ba a saurin gani: takan zama al'ada, al'ada kuma takan rufe ido. Wanda ya saba cire tabo, wata rana zai cire abin da ba tabo ba ne. Mu dubi zanen da Ba'amurke Martin Johnson Heade ya yi na furannin magnoliya wajajen 1890, a jihar Florida: an yanke furen, an kwantar da shi a kan ƙyallen karan-miski, yana walƙiya kamar amarya. Zane ne mai ban sha'awa ƙwarai, amma furen da aka yanke ba zai taɓa yin iri ba. Alhali a wajen iccen, fure hanya ce kawai. Dangin magnoliya tsofaffi ne a duniya, an sami burbushinsu a duwatsu masu shekaru wajen miliyan 95, kuma ƙwari masu taurin baya ne suka daɗe suna yi musu barbara. Ƙaurin furen da ƙamshinsa duk domin waɗannan baƙi ne. Da zarar barbara ta auku, fure ya gama aikinsa. Inda aka dosa shi ne jan irin nan da ke lilo a jikin ƙwanso. Wanda ya zana fure ya tsaya, ya ba da labarin ɗaurin aure ne ya manta da suna.

Akwai waɗanda suka gane haka tun da wuri. A watan Agusta na 1737, wani iccen magnoliya ya yi fure a lambun Charles Wager, babban jami'in sojan ruwan Ingila, a unguwar Parsons Green kusa da Landan. Abin baƙo ne a lokacin. Georg Ehret, Bajamushe mai zanen tsirrai da ke zaune a Chelsea, ya riƙa takawa kusan kullum, tafiyar wajen kilomita 5, don ya ga yadda furen ke sauyawa tun yana dunƙule har ya buɗe sarai, yana zana kowane sashe daban. Ɗaya daga cikin zanensa na wannan icce ya shiga babban littafin Mark Catesby kan halittun Karolina da Florida da tsibiran Bahamas. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne takawar. Ehret yana da gwanintar da zai zauna yini ɗaya ya fito da kyakkyawan fure. Ya zaɓi ya koma gobe da jibi, domin ya fahimci cewa tsiro ba hoto ɗaya ba ne, tafiya ce cikin lokaci. Kafin shi ma, Maria Sibylla Merian ta bar Amsterdam a 1699, tana da shekaru 52, ta tafi Surinam a Kudancin Amurka. Littafin da ta fitar a 1705 yana da zane 60, kuma a cikinsu za ka ga ganyen da tsutsa ta cinye rabinsa, da tsutsar a kai, da malam-buɗe-littafin da za ta zama. A wajenta hudar ganye bayani ce: tana faɗin wane ne ke cin wane.

Yanzu mu koma ga ganyen kaka, don a nan ne maganar ta fi zurfi. A ƙasashen da ke da tsananin sanyi, daga watan Satumba zuwa Nuwamba, yawancin itatuwa sukan sauya launi kafin su zubar da ganye: rawaya, ja, ruwan goro, ruwan ƙasa. Mai kallo daga nesa zai ce mutuwa ce. Ilimin kimiyya ya nuna cewa aiki ne mai tsari. Idan yini ya fara gajarta, icce yakan warware koren sinadarin da ganye ke kama hasken rana da shi, ya janye abubuwan gina jiki masu amfani ya mayar da su cikin reshe da saiwa, kamar magidancin da ke kwashe hatsi zuwa rumbu. Launin rawaya da ke bayyana dā ma yana cikin ganyen, kore ne ya rufe shi. Ja kuwa, a itatuwa da dama, sabon launi ne da ganyen ke haɗawa a kwanakinsa na ƙarshe. Sai an gama kwashe abin kwashewa sannan a toshe mahaɗar ganye da reshe, iska ta ɗauke shi. Ke nan ganyen da ya faɗo ya biya bashinsa ne kafin ya tafi.

Wannan ganye shi ne babban mai jarraba mai zane. Koren ganye lafiyayye, in ka zana goma za ka iya zana na sha ɗaya da ka. Ganyen kaka ba ya yarda da haka. Babu biyu da ke sauya launi iri ɗaya; wannan ja ya fara masa daga gefe, wancan jijiyoyinsa sun riƙe kore, wani kuma naman gwari ya ɗiga masa baƙi. Ga shi ba ya jira: wanda aka tsinto da safe, kafin la'asar ya fara nannaɗewa, launinsa ya dushe. Mai aiki da launin ruwa kuwa dole ya bi a hankali, shimfiɗa bisa shimfiɗa, yana jiran ta farko ta sha iska kafin ya ɗora ta biyu. Haka ƙwanson magnoliya: ɗakunansa suna jere ne a karkace, suna kewaya jikinsa, wasu sun buɗe, wasu sun yi rabi, wasu irinsu bai ƙosa ba, in ka yi ƙidayar da ka, wanda ya san iccen zai gane nan take. Har ma akwai tarko ga mai gaggawa: Magnolia grandiflora ba ya zubar da ganyensa gaba ɗaya da kaka, kore yake zama shekara duka, bayan ganyen kuma launin tsatsa gare shi. Wasu danginsa ne, na Sin da Japan da gabashin Amurka, ke yin tsirara. Wanda ya yi wa ƙwansonsa ado da jajayen ganye don shafi ya yi kyau, ya yi ƙarya, ko da kowa ya yaba.

Wannan ne ya sa nake ganin zanen abin da ya tsufa horo ne na ɗabi'a kafin ya zama gwaninta ta hannu. Yana tilasta wa mutum ya ajiye abin da ya ɗauka ya sani, ya dubi abin da ke gabansa. Aristo, almajirin Aflatun, ya lura cewa mutane kan ji daɗin kallon ingantaccen hoton abin da in sun gan shi a fili za su kau da kai, kuma ya danganta daɗin da koyo. Ya kuma gargaɗi ɗalibansa kada su ƙyamaci nazarin ƙasƙantattun halittu, domin babu wadda ba ta da abin mamaki. A zamaninmu, wanda ya fi kowa kai wannan hanya nesa shi ne Rory McEwen, ɗan ƙasar Sikotlan, wanda aka haifa a 1932 ya rasu a 1982. A shekarunsa na ƙarshe, yana fama da cuta, ya riƙa tsintar ganyen da ya faɗo a bakin titi da lambuna, yana zana shi a kan jemammiyar fatar maraƙi, ganye ɗaya tak a tsakiyar fili, da hudarsa da ƙunarsa da karayarsa. Da yawa daga cikin zanen ya sa musu sunan wurin da ya tsinci ganyen. Wato ya yi wa ganye abin da ake yi wa mutum: ya ba shi suna da gari. Lokacin da aka baje aikinsa a lambun Kew na Landan a 2013, waɗannan ganyaye na cikin abin da aka fi magana a kai.

Sai dai akwai wata suka da ba zan ɓoye ba, kuma mu mutanen Sahel mun fi kowa haƙƙin yin ta. Yabon busasshen ganye abu ne mai sauƙi ga wanda rumbunsa ke cike. A wajen manomin da ruwa ya ɗauke wa a tsakiyar damina, gero ya yi rawaya kafin ya fid da kai, wannan launi ba abin zane ba ne, sanarwar yunwa ce. Mai zanen da ke farautar ruɓa domin ta fi burgewa, shi ma yana tace gaskiya, ya dai juya rariyar ce kawai. Kuma mun san irinsa cikin masu ɗaukar hoto, waɗanda ba sa ganin komai a ƙasashenmu sai tsagaggiyar ƙasa da ƙashin shanu. Amsata ita ce, akwai bambanci tsakanin nuna da ƙonewa, kuma ido mai amana ne kaɗai ke iya rarrabe su. Ganyen kaka da ƙwanson da ya tsage sun kai ƙarshensu ne a kan kari, sun bar iri a baya. Geron da fari ya kashe an katse masa hanya ne. Wanda ya zana su da fuska ɗaya, yana kiran duka biyun kyau, bai dubi ko ɗaya ba. Ashe sukar ba ta rushe maganar dubawa da kyau ba, ƙara mata nauyi ta yi.

Muna da malami a kan haka a gonakinmu, daga Tawa har Damagaram: gawo. Duk wanda ya zana damina da ka zai sa wa kowane icce koren ganye, don haka ƙa'ida ta ce. Gawo kuwa da damina yake tsirara, sai rani ya yi ganye, ya ba da inuwa, ya zubo wa dabbobi murɗaɗɗun ƴaƴansa lokacin da ciyawa ta ƙare. Baƙon da ya gan shi a watan Agusta ba ganye zai ce matacce ne, har ya ba da shawarar a sare. Manomi ya san cewa geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili kyau. Ƙa'ida ba ta yi ƙarya ba game da yawancin itatuwa, amma ta zalunci wannan ɗaya, kuma ba abin da ke fid da shi daga zaluncin sai gani. Gani ya kori ji, in ji Bahaushe. Ni kuwa zan ƙara da cewa gani ɗaya bai isa ba, sai an koma kamar yadda Ehret ya riƙa komawa.

To ina muka tsaya? Ba na cewa a daina zanen jinsi, ba na kuma cewa kowane tabo sai an nuna. Mafita tana cikin ingantaccen shafin masana tsirrai da kansa. A kan takarda ɗaya za ka ga toho, da buɗaɗɗen fure, da ƙwanso ɗanye, da busasshe, da iri an tsaga shi biyu. Wanda ya san iccen ya san cewa watanni ne ke tsakaninsu, amma ba wanda zai kira shafin ƙarya, domin mai kallo ya san yarjejeniyar, kuma ba a ɓoye masa wani zango na rayuwar iccen ba. Inda ƙarya take shi ne a ɗauki zango ɗaya a ce shi ne duka, ko a tace abu sannan a rantse cewa haka aka same shi. Tacewar da aka bayyana hidima ce ga mai koyo. Wadda aka ɓoye cin amanarsa ce, ko da niyyar mai yin ta kyakkyawa ce.

Mu da ke koyarwa, da mu da ke hidimar raya al'adu, wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Maroƙi yana da aikinsa, kuma kowa ya san in yana kirari fure yake zanawa. Ba wanda ke zuwa wajensa neman shaida. Haɗarin shi ne mai rubuta tarihin gari ko na wani magabaci ya ari bakin maroƙi alhali ya zauna a kujerar shaida. Yaron da aka nuna wa magabata marasa tabo, ranar da ya gano tabo ɗaya zai yi shakkar sauran labarin gaba ɗaya. Haka kuma ƙungiyar da ke nuna al'ada ranar biki kaɗai, da rawa da ado da kiɗa, ta bar tsohuwar da ta san sunan kowace ciyawa da amfaninta tana zaune a ƙuryar gida ba mai tambayarta, ta ɗauki furen ne ta bar ƙwanson, alhali irin yana cikin ƙwanson. A rubuce, kalma ɗaya muke da ita ga lokacin girbi da kuma mahaifiyar uwa ko uba: kaka. Dukansu biyu sun wuce lokacin fure, dukansu biyu kuma a hannunsu abin shukar baɗi yake.

Ba sai mun sami magnoliya ba kafin mu gwada. Malami ya tsinto ɗan gawo, ko na bagaruwa, ko busasshen ganyen kuka, ya ajiye gaban kowane ɗalibi nasa, ya ce a zana wannan ɗin, ba wani ba. Zai ga yawancinsu sun sunkuya sun zana ganyen da ke cikin kansu, mai santsi, daidai wa daida, ba tare da sun ɗaga ido ba. Sai ya mayar da su, ya ce su ƙirga jijiyoyin, su nemo inda ya karye, su faɗi launi nawa ke jikinsa. A zane na uku ko na huɗu, wani daga cikinsu zai ɗago kai ya ce: malam, ashe nawa ba irin na maƙwabcina ba ne.